Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Fastoci Da Dattawan Ikilisiyoyinmu Masu Sujada Da Hausa A Legas

Iyayenmu cikin Ubangiji, rabarori, fastoci da dattawa, gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Kristi. Ina gajiyarku, yaya aikin Ubangiji, yaya su Mama da yara? Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya saka muku ɗawainiyar da kuke yi da mu a garin nan mai nisa da gida.

Ni 'yarku ce, 'yar Zumuntar Mata, ma'aikaciyar jinya da ta ajiye aiki a nan Legas. Ba bakina kaɗai ba ne a takardar nan. Matan da muke fita gaida marasa lafiya tare su suka ce in rubuta, kuma sai da aka karanta musu suka amince kafin ta fito. Bayan su akwai waɗanda ba za su taɓa iya tsayawa gaban majalisa su buɗe baki ba: masu gadi, 'yan acaɓan da aka raba da baburansu, gwauraye, 'yan matan da ke aikatau a gidajen mutane, da 'yan'uwanmu da ke kwance a asibiti ko tsare a kurkuku. A madadinsu nake roƙon ku ara mini kunne. Idan harshena ya yi kaifi a wani wuri ku yi haƙuri, zafin abin ne, ba raini ba.

A zaman majalisar ikilisiyarmu na baya-bayan nan an yanke shawara biyu. An ce kuɗin asusun taimako za a juye su cikin asusun gini har sai an gama rufin sabuwar majami'a. An kuma ce daga yanzu ba wanda za a taimaka wa da kuɗin ikilisiya sai mai katin zama ɗan ikilisiya, wanda katin zakkarsa ya nuna yana biya. Ba zan kama sunan ikilisiyar ba, don ba tonon silili na zo yi ba. Da muka tambayi 'yan'uwa mata na wasu ikilisiyoyi, daga Agege zuwa Mile 12, daga Obalende zuwa Ajah, sai muka tarar labarin ba namu kaɗai ba ne. Wani wuri an rubuta dokar, wani wurin kuma ana bin ta ba tare da an rubuta ba. Shi ya sa wasiƙar ta zama taku gaba ɗaya.

Mun san dalilanku, ba mu kuma ce ƙarya ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu ma ruwan Yuni da Yuli yana jiƙa mu a kan benci. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, baiko ya ja baya, siminti da kwanon rufi kuwa suka yi tashin gwauron zabi. Akwai kuma 'yan damfara masu bin majami'u da takardar asibiti ta ƙarya, sun sha cin kuɗinku. Duk mun yarda. Amma dokar da kuka kafa ba ɗan damfara ta kama ba, domin shi ya iya neman kati. Waɗanda ta kama su ne mutanen da aka buɗe asusun dominsu tun farko.

Ku duba da kyau, Babanninmu, wa ke da kati a cikinmu? Ma'aikacin gwamnati, soja da ɗan sanda na bariki, ɗan kasuwa mai rumfa, malamin makaranta. Mutanen da ke da Lahadi. Maigadi ba shi da Lahadi. Ranar ce ma maigidansa ke fita sujada da iyalinsa, shi kuwa yana tsaye yana buɗe ƙofa yana rufewa. Yarinyar da ke aikatau tana wanke-wanke a lokacin da muke rera waƙar buɗe sujada. Mai tura baro a Mile 12 abin da ya samu yau shi zai ci yau, ba albashi gare shi da zai cire kashi ɗaya cikin goma a rubuta masa a kati ba. Da yawansu an yi musu baftisma a ƙauyukan da aka ƙone majami'unsu da littattafan rajistar da ke ciki. Wa zai ba su takardar canjin ikilisiya? Faston da ya kamata ya sa hannu shi ma gudun hijira yake, ko kuma yana kabari.

Akwai wani bawan Allah daga duwatsun Gwoza. Ya baro gida bayan garin ya faɗa hannun Boko Haram a Agustan 2014, iyalinsa suka tsallaka Kamaru suka zauna a sansanin Minawao, shi kuma ya gangaro nan ya kama gadi a wajen Ajah. Duk wata yana aika musu abin da ya samu. A ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa akwai tabarma, da rediyo, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa ya rabu don yawan buɗewa. Hawan jini ya daɗe yana cinsa bai sani ba, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Abokan gadinsa suka kai shi asibiti, suka kira ɗaya daga cikinmu. Da muka je neman kuɗin hoton kai da magani daga asusun ikilisiya, amsar da aka ba mu ita ce ba a san shi ba, ba shi da kati. Muka haɗa abin da muka tsakura daga kuɗin cefane, bai kai ko'ina ba. Ya rasu bai samu hoton ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ci mini rai, shi ne kuma kukanmu na biyu. Da labarin rasuwar ya fita sai ga kuɗi. Ƙungiyar garinsu ta zauna, aka yi sanarwa a majami'a, aka zagaya da faranti, aka biya ɗakin ajiye gawa, aka sayi akwati, aka ɗauki hayar mota ta kai shi arewa, tafiyar da ta haura kilomita dubu. Kaɗan daga kuɗin nan ya isa hoton da maganin. Ba shi ne na farko ba, kun sani, mun sani. Mun zama mutanen da hannunsu ke saurin buɗewa ga gawa, yana nauyi ga majiyyaci, domin jana'iza idon jama'a na kanta, jinya kuwa a ɓoye ake yin ta. Ban raina son a binne mutum kusa da iyayensa ba. Yusufu ma ya bar wasiyya a tafi da ƙasusuwansa daga Masar. Amma Ibrahim, da Saratu ta rasu a ƙasar da yake baƙunci, fili ya saya a nan ya binne ta, bai ɗauke ta zuwa Haran ba. Akwai maƙabarta a Legas, akwai Atan a Yaba. Idan ba daga bakinku mutane suka ji cewa binne mai bi a nan ba abin kunya ba ne, gwauraye za su ci gaba da cin bashi don motar gawa, su dawo ba kuɗin haya ba kuɗin makarantar yara.

A Yohanna sura 5, mutumin da ya shekara 38 yana ciwo, kwance a bakin tafkin Baitasda, bai ce wa Yesu ba shi da bangaskiya ba. Cewa ya yi ba shi da wanda zai sa shi a ruwa. Duk wadda ta yi aikin jinya a garin nan ta san irin wannan majiyyaci. Asibitin Legas sai da ɗan jinya: wanda zai bi layin yankar kati, ya je ya biya, ya sayo magani da safar hannu, ya nemo mai ba da jini, ya kwana a baranda. Ɗan garin nan yana da dangi a Mushin ko Ikorodu. Namu yana da lambar waya ɗaya ta ƙaninsa da ke Mangu ko Michika. Ga kuma matsalar harshe. Likita na tambaya da Turanci ko Yarbanci, majiyyaci na gyaɗa kai don kunya, a ce ya sha ƙwaya sau biyu a rana ya shanye ta lokaci guda. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, wata dokar ta 2017 kuma ta ce a yi wa mai raunin harbi magani ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. Amma doka ba ta magana da kanta a bakin ƙofar asibiti da tsakar dare. Sai an samu mai baki ya tsaya kusa da marar baki. Kuɗin motar da matan Zumunta ke zuwa yin wannan tsayuwar daga asusun da kuka rufe yake fitowa.

Sai samarinmu. Gwamnatin jihar nan ta taƙaita acaɓa a Fabrairun 2020, ta hana shi gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni, 2022, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, sannan a Satumban shekarar ta ƙara da Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. Baburan da aka kama an murƙushe su. Ban zo yin gardama da gwamnati ba, na ga ƙafafun da acaɓa ya karya da idona, kowa ya san yadda asibitin ƙashi na Igbobi ke cika. Tambayata gare ku ita ce, da sana'ar ta mutu, me ikilisiya ta yi? Yaran nan su ne masu buga ganga a ƙungiyar bishara ta Sabon Rai, su ne masu ɗaukar bulo ranar aikin gayya, kuma lokacin da suke samu baikonsu ya shiga harsashin ginin da muke son rufewa. Yanzu wasu sun koma bin bola, wasu na kwana a ƙarƙashin gada, wasu sun faɗa shan ƙwaya. Sun daina zuwa sujada don ba su da kuɗin mota, ba su da rigar fita. Mu kuma muka rubuta a littafi cewa sun ja da baya.

Idan aka yi samame, su ake fara kwashewa. Yaro ya tsaya gaban alƙali bai ji ko kalma ɗaya cikin tuhumar da aka karanta masa ba, alhali sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi haƙƙin samun tafinta kyauta. A ba da belinsa a kan sharaɗi mai sauƙi, ya rasa wanda zai tsaya masa, ya shekara a kurkukun Kirikiri yana jiran shari'ar da ko an same shi da laifi hukuncin bai kai haka ba. Kurkukun Ikoyi don mutum 800 aka gina shi. A Disamban 2019, lokacin da wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar a ciki, fiye da mutum 3,000 ne ke tsare a wurin, mafi yawansu masu jiran shari'a. Jihar Legas tana da ofishin lauyoyi masu kare talaka kyauta tun shekarar 2000, akwai kuma hukumar taimakon shari'a ta tarayya, amma yaronmu bai san da su ba, su ma ba su san da shi ba. A kan bencinmu akwai lauyoyi, akwai 'yan sanda, akwai gandirobobi. Ibraniyawa 13:3 ta ce mu tuna da ɗaurarru kamar tare muke a ɗaure. Yaushe rabon da a sanar da sunan wani ɗaurarre a majami'a a nemi mai tsaya masa?

Akwai maganar da ba ma son yi a fili, amma dole in yi ta. Da Hausa muke sujada, amma kowa ya san ƙabilarsa. In an tashi sujada sai ka ga Ngas sun ja gefe, Bajju sun ja gefe, Marghi, Berom, Tangale, Bura, kowa da ranar taronsa da asusunsa. Wannan ba laifi ba ne, ƙungiyoyin nan sun share hawaye da yawa. Sai dai wanda ƙabilarsa ba ta da yawa a Legas fa? Matar da ta auri wata ƙabila, mijin ya mutu, danginsa suka ce ba tasu ba ce, nata suka ce ta riga ta fita? Bahaushe ko Bafulatanin da ya bi Yesu danginsa suka yafe shi, ya gudo nan don ya tsira da ransa? Waɗannan ba su da wata ƙungiya sai ikilisiya. Asusun taimako shi kaɗai ne kuɗin da ba ya tambayar mutum garinsu. Irin wannan ta taɓa faruwa a Urushalima. A Ayyukan Manzanni sura 6, Yahudawa masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce masu gunaguni 'yan tawaye ba ne, ba su kuma ce a dakata sai an samu sarari ba. Taro suka kira, aka zaɓi mutum bakwai, su Istifanus da Filibus, aka ɗora musu hannu domin aikin rabon abinci. Ku lura, sunayen bakwai ɗin nan duka na Helenanci ne. Ga alama ɓangaren da aka tsallake aka danƙa wa aikin.

Ku gafarce ni in taɓa bagade, wurin da ba nawa ba. Wani irin wa'azi ya shigo mana daga talabijin da manyan allunan bakin hanya, mai cewa duk wanda ke shan wahala akwai abin da ya yi: ko bai biya zakka ba, ko la'anar gidansu ce ke binsa, ko bangaskiyarsa ta gaza. Dokar katin zakka 'yar wannan koyarwa ce, ko da waɗanda suka kafa ta ba su nufa ba. Na ga ɓarnarta a gadon asibiti. Na ga mace mai ciwon sukari da ta ajiye allurarta don an ce mata shan magani rashin bangaskiya ne, aka dawo da ita a sume. Na ga masu tarin fuka da masu ɗauke da ƙwayar HIV suna ɓuya har cutar ta ci ƙarfinsu, alhali maganin duka biyun kyauta ne a asibitocin gwamnati, don kawai tsoron abin da za a faɗa a majami'a. Waɗanda suka ga an yanka nasu a gabansu kuwa, masu firgita da dare, masu zama shiru ba magana, sai a ce aljanu ne, a sa su azumi. Ina addu'a, na kuma ga Allah ya amsa. Amma asibitin masu taɓin hankali na tarayya yana nan Yaba, kai ɗan'uwa wurin ba musun ikon Allah ba ne. Da almajirai suka tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, nasa ko na iyayensa, cewa ya yi ba ko ɗaya. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna da shi shiru. Da suka fara neman laifinsa ne Allah ya yi fushi da su.

'Yan matan aikatau kuwa, maganarsu gajeriya ce amma tana da nauyi. Ana kwaso su daga Filato, kudancin Kaduna, Nasarawa da Taraba da alkawarin makaranta, a raba su gidaje, wata ta riƙa karɓar kuɗin aikinsu duk wata. Wasu daga cikin masu wannan dillanci tare muke ɗaura zanen Zumunta, wannan kuwa kunyarmu ce mu mata kafin ta zama taku. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau. Yarinya ta gudo da tabon bulala ko da ciki, ƙofar da ta sani ita ce wadda ta ji ana waƙar Hausa a bayanta. Idan ta ƙwanƙwasa, wane kati za ta nuna?

Babanninmu, kun fi ni sanin tarihin ikilisiya, a makarantar tauhidi kuka karanta shi, ni a bakin kakata na ji. A nan Legas Turawan mishan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Disamban 1893, biyun farko kuma ciwo ya kashe su a shekarar da ta biyo. Wanda ya fara aiki a Numan a 1913, Niels Brønnum, likita ne. Asibitin Vom ya fara a 1922. A Garkida, inda aka yi sujadar farko a gindin tsamiya a 1923, ba a daɗe ba aka buɗe asibiti da mazaunin kutare. A Kano da Sakkwato da Katsina, inda ba a yarda a yi wa'azi a cikin birni ba, ƙofar da ta buɗe ita ce ta kutare, a Yadakunya da Amanawa da Babbar Ruga. Asibitin ido na Kano yana aiki tun 1943. Ban ce Turawan mishan ba su da nasu kurakuran ba. Amma kakanninmu da yawa ba gardamar tauhidi ce ta kawo su ga Yesu ba, hannun da ya wanke musu gyambo ne lokacin da danginsu ke tura musu abinci da sanda. Majami'unsu na farko na laka da ciyawa ne, ɗakin shan magani kuma yana gefe. Ba a rufe ɗakin magani don a sayi kwano ba. Yanzu mu jikokinsu, a garin da labarin ya faro, muna so mu juya tsarin.

Ba sai mun koma zamanin Turawa ba ma. Da Mubi ta faɗi a Oktoban 2014, har hedikwatar ikilisiyar EYN da ke Kwarhi aka mamaye, gidajen masu bi a Yola da Jos sun cika da baƙi, ɗaki ɗaya mutum goma, ba wanda ya tambayi ɗariƙar wani. Babbar majami'ar Katolika ta Saint Theresa a Yola ta riƙe dubban 'yan gudun hijira, daga baya Bishop Stephen Dami Mamza ya gina musu gidaje, ya gina wa Kiristocinsu majami'a, ya gina wa Musulminsu masallaci. Wasu daga cikinku a wannan lokaci kuka ci tuwon da ba ku san wanda ya tuƙa ba. A nan Legas kuma maƙwabtanmu Musulmi suna ba mu darasi. In baƙo ya faɗi a kasuwa ba a san danginsa ba, kafin la'asar sun haɗa kuɗin likkafani, kuma mun ga lokutan da suka kai namu asibiti kafin labari ya iso gare mu. A Oko-Baba da ke Ebute Metta akwai makafi da guragu da kutare 'yan arewa da iyalansu, yawancinsu Musulmi. Majami'u masu sujada da Turanci da Yarbanci kan kai musu shinkafa lokacin Kirsimeti. Mu da muke jin harshensu, muka san gaisuwarsu, mu ne ba a cika gani ba. Bulus ya ce wa Galatiyawa su yi wa kowa alheri, tun ba ma 'yan'uwa masu bi ba. Bai tsaya ga masu bi kaɗai ba. In kuma mun je, kada mu mai da buhun shinkafa ƙugiya. A ba mai yunwa abinci don yana jin yunwa, wanda ya tambayi dalilin zuwanmu a faɗa masa.

Ga abin da muke roƙo. A janye shawarar nan biyu. A mai da kuɗin asusun taimako wurinsu, a ware musu asusun banki dabam wanda ba a taɓawa don gini ko taron gunduma ko sayen mota. A tsai da baikon Lahadi ɗaya a kowane wata domin asusun, a kuma riƙa karanta rahotonsa a gaban jama'a duk wata uku yadda ake karanta na gini, ba tare da kama sunan wanda aka taimaka wa ba. Ginin ya ci gaba da abin da ya saura. In rufin zai ƙara shekara, mu mata mun yarda mu ci gaba da matsar da benci.

A maimakon kati, a sa ƙafa. Zumunta a ƙafa take. Duk wanda aka kawo kukansa, mutum biyu su je su gan shi a inda yake kwance, a biya kuɗin kai tsaye a asibiti ko kantin magani, a kawo rasit. Ɗan damfara ba ya son a bi shi gida, wannan kaɗai ya ishe ku maganinsa. Masu wannan aiki a zaɓe su a gaban ikilisiya, a yi musu addu'a, a sa mata a ciki, a sa ɗan ƙaramar ƙabila, a sa wanda ya taɓa yin gadi ko acaɓa, a kuma ba su ikon fitar da wani adadi cikin dare ba sai majalisa ta zauna ba. Ciwo ba ya jiran ƙarshen wata.

Abin da ya fi ƙarfin ikilisiya ɗaya ku haɗa kai a kansa. ECWA, EYN, COCIN, HEKAN, LCCN, Baptis, Angilika, Katolika, duk mai sashen Hausa a jihar nan, ku zauna ku fitar da lambar waya guda da maigadi zai iya kira, da jerin masu sa kai da za su yi tafinta a asibitocin LUTH da ke Idi-Araba, da LASUTH a Ikeja, da Igbobi, da Yaba, da kotunan majistare. Ku nemi lauyoyinmu su riƙa shiga Kirikiri da Ikoyi suna tattaro sunayen masu jin Hausa da ba su da mai tsaya musu, Kirista ko Musulmi. Ku yanka wa gwauraye da masu gadi inshorar lafiya ta jihar, Ilera Eko, ko da kaɗan-kaɗan ne, a fara da masu hawan jini da ciwon sukari. Mu ma'aikatan jinya da ke cikinku a shirye muke mu riƙa auna jini kyauta bayan sujada, na'urar kawai muke buƙata. 'Yan kasuwarmu da masu sana'ar hannu kuma a roƙe su daga bagade kowa ya ɗauki saurayi ɗaya cikin waɗanda suka rasa babur ya koya masa aiki.

Daga bakinku muke so a ji cewa shan magani ba zunubi ba ne, ciwo ba hukunci ba ne, binne mai bi a Legas ba wulaƙanci ba ne. A ja kunnen masu dillancin yara, wadda ta ƙi ji a sa ta ƙarƙashin horo, a kai maganar ga hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. A samu gida ɗaya amintacce a kowace shiyya inda yarinyar da ta gudo za ta kwana kafin a nemo iyayenta. Waɗanda aiki ya hana su Lahadi kuwa, a kai musu jibin Ubangiji bakin ƙofar da suke gadi, a rubuta sunayensu a littafin ikilisiya a can inda aka same su.

Muna roƙon a karanta wasiƙar nan a zaman majalisa mai zuwa, a kuma ba mu amsa a sanarwar Lahadi kafin bikin godiya na bana, domin a nan ake tara kuɗi mafi yawa, a nan kuma za a yanke inda za su tafi. Kafin nan, muna fita gaida marasa lafiya kowace Alhamis bayan taron Zumunta. Duk Baban da ya samu sarari muna gayyatarsa ya biyo mu, akwai majiyyata da suka daɗe suna tambaya ko fasto zai zo.

Allah ya ba ku hikima, ya kiyaye ku da iyalanku.

'Yarku cikin Kristi,
a madadin matan Zumunta masu gaida marasa lafiya, Legas.